Ƙaramar kyamara da kyamarar gada

Ƙaramar kyamara da kyamarar gada nau'o'i biyu ne na kyamarar dijital waɗanda idonsu a manne yake da jikinsu, ba a cire shi a sauya wani. Ƙaramar, wadda ake kira compact da Turanci, tana shiga aljihun riga, kuma idonta yana komawa ciki idan an kashe ta. Ta biyun ana kiranta bridge, wato gada, saboda ta tsaya tsakanin ƙaramar kyamara da babbar kyamarar ƙwararru mai sauya ido. A cikin kowane nau'i akwai masu dogon zuƙo, waɗanda ke jawo abin da ke nesa ya cika hoto. Kalmar "zuƙo" ta fito ne daga aikatau "zuƙa". "Kyamarar gada" kuwa fassara ce kai tsaye, ba a cika jin ta a bakin 'yan kasuwa ba.

Tarihi

Injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a Amurka a shekarar 1975. Hotonta baƙi da fari ne, kuma a kan kaset take adana shi. A 1995 kamfanin Casio na Japan ya fitar da QV-10, mai allo a baya inda mutum zai ga hotonsa nan take. Sunan gada ya girmi dijital, domin tun zamanin fim an yi kyamarori irin Olympus IS-1 ta 1990 masu siffar ta ƙwararru amma da ido a manne.

Daga 2006, lokacin da Panasonic ya fitar da Lumix TZ1 mai zuƙo ninki 10 a cikin ƙaramin jiki, kamfanoni suka shiga tseren tsawon zuƙo. Canon PowerShot SX50 HS ta 2012 ta kai ninki 50. Nikon Coolpix P900 ta 2015 ta kai 83, sannan P1000 ta 2018 ta kai 125. A daidai wannan lokaci wayar hannu tana cinye kasuwar. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Kyamarori masu arha ne suka fi shan kashi. Masu dogon zuƙo sun ɗan tsira, saboda siririn jikin waya ba ya ɗaukar dogon ido.

Ma'anar lambar zuƙo

Lambar da ake rubutawa a jikin kyamara, kamar 30x ko 60x, tana rikita masu saye da yawa. Ba ta nufin abu zai girma sau 30 fiye da yadda idon mutum ke ganinsa. Lissafi ne kawai: a raba tsawon hange mafi nisa da mafi kusa, waɗanda ake aunawa da milimita. Kyamarar da ta fara daga 24 ta ƙare a 720 ninki 30 ke nan. Saboda haka Panasonic FZ82, mai milimita 20 zuwa 1200, ninki 60 ce, ita kuma Canon SX50 HS, mai 24 zuwa 1200, ninki 50 ce, alhali nisan da suke kaiwa ɗaya ne. Bambancinsu yana wajen faɗin abin da suke kwasowa daga kusa. Lambar ƙarshe ita ce mai faɗin nisa. Ana ɗaukar milimita 50 a matsayin kusan yadda idon mutum ke gani, don haka 1200 tamkar madubin hangen nesa ne mai ninki 24, 3000 ta P1000 kuwa ninki 60.

Akwai kuma zuƙo na gilashi da zuƙo na dijital. Na farko gilasan cikin ido ne ke motsawa, hoton bai rasa komai ba. Na biyu yanke tsakiyar hoto ake yi a buɗa shi, shi ya sa yake fashewa. Lambar zuƙon dijital, komai girmanta a jikin kwali, ba abin dubawa ba ce.

Sensa

Sensa ita ce ɗan allon da ke karɓar haske a cikin kyamara, a gurbin da fim yake a da. Nan ne ake yawan yin kuskure, domin girman jikin kyamarar gada yana sa a zaci hotonta ya fi na ƙarama kyau. Sau da yawa sensa iri ɗaya ce a cikinsu. Yawancin masu dogon zuƙo, manya da ƙanana, suna da sensar da ake kira 1/2.3, wadda ba ta wuce milimita 6.2 da 4.6 ba, wato ba ta kai farcen ɗan ƙaramin yatsa ba. Ta kyamarar ƙwararru mai cikakken girma milimita 36 ce da 24, kusan ninki 30 a faɗin fili. Ƙanƙantar sensa ita ce sirrin dogon zuƙo: ainihin tsawon idon P1000 milimita 539 ne, amma saboda sensar tana ganin tsakiyar hoto kaɗai, sai ya yi daidai da 3000.

Farashin wannan dabara shi ne duhu. Ƙaramar sensa haske kaɗan take tarawa. Da rana a fili hotonta yana fita tas, amma bayan magariba ko a cikin ɗaki sai ya yi dishi-dishi, launi ya dagule. Yawan megafiksel ba ya maganin wannan.

Akwai matsakaiciyar sensa da ake kira inci ɗaya, mai milimita 13.2 da 8.8, wadda ta ninka ƙaramar kusan sau huɗu. Sony ya sa ta a ƙaramar RX100 a 2012 da kuma RX10 ta gada a 2013, Panasonic ya biyo da FZ1000 a 2014 da TZ100 a 2016. Waɗannan sun fi jure duhu, sai dai zuƙonsu ya fi gajarta kuma sun fi tsada. RX10 IV ta 2017 a milimita 600 ta tsaya.

Bambancin jiki

Canon SX740 HS, ƙarama mai ninki 40, nauyinta kusan giram 300 ne. P1000 ta haura kilo 1.4, sai da jaka. Abin da ake samu a madadin nauyin shi ne mariƙi mai cika hannu, da tagar leƙe da ake kafa ido a kai, da maɓallan sarrafa haske, kuma wasu suna da gurbin ɗora filasha da na makirufo. Tagar leƙe tana da muhimmanci a ƙasar Hausa fiye da yadda ake zato, domin a ranar watan Afrilu allon baya kusan ba ya ganuwa. Kafa kyamara a fuska kuma yana rage rawar hannu.

Rawar hannu ita ce babbar matsalar dogon zuƙo. Duk yadda aka jawo abu, haka ake jawo girgizar hannu. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce saurin ƙiftawar kyamara ya kai ɗaya bisa tsawon hange, wato a milimita 1000 ana son ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Na'urar daidaita girgiza da ke cikin kyamarorin yanzu tana sassauta wannan, amma ba ta tsayar da dokin da ke gudu. Ga shi kuma ƙofar haske tana tsukewa idan an zuƙo: ta SX740 HS daga f/3.3 take komawa f/6.9, ta P1000 daga f/2.8 zuwa f/8. Panasonic FZ200 ta 2012 da FZ300 ta 2015 sun yi suna ne saboda sun riƙe f/2.8 har zuwa milimita 600.

Zaɓi a ƙasar Hausa

Zaɓin ya danganta ga abin da za a ɗauka. Hawan salla, ko a Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, ko a ƙofar fadar Sarkin Gaya, aikin kyamarar gada ne. Da rana ake yin sa, haske ya wadata, kuma ɗan kallo ba ya samun matsawa kusa da mahaya. Milimita 400 zuwa 600 sun isa a fito da adon rawani da kayan doki, kuma a irin wannan wuri saurin kama abin da ke motsi ya fi tsawon zuƙo amfani. Haka ma ga ɗalibin da ke nazarin tsuntsaye a fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai da hunturu: nan ne 1200 ko fiye take biyan kuɗinta. P1000 ma tana da saiti na musamman don tsuntsaye da kuma wata.

Biki da suna da walima kuwa yawanci a cikin gida ake yi ko da dare, kuma mutanen suna kusa. Mai neman abinci da hoton biki a Gaya ko Ajingi, idan ya zuba jarinsa a kyamara mai ninki 60 da ƙaramar sensa, zai iya tarar da wayar amarya ta fi shi fitar da hoto, domin wayoyin yanzu suna haɗa hotuna da yawa wuri guda su rage dishi-dishi. Mai sensar inci ɗaya, ko tsohuwar kyamarar ƙwararru ta hannu da filasha, ta fi dacewa da shi. Ƙaramar kyamara ta fi wa matafiyi da mai binciken fili, kamar mai tattara bayanai a kasuwar ƙauye, saboda ba ta jan hankali kuma mutane ba sa ɗari-ɗari da ita.

Yanayi ma yana da hannu. Hazon hunturu yana disashe duk abin da ke nesa, sannan a bazara zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa hoton nesa ya yi ta rawa kamar ruwa, kuma babu tsadar kyamarar da ke gyara hakan. Da sassafe ko bayan ruwan sama aka fi samun hoton nesa mai kyau. Idon da ke fita yana komawa yana zuƙar iska tare da ƙura, kuma da yake ba a cire shi, idan ƙura ta sauka a kan sensa sai mai gyara ya kwance kyamarar. Ƙalilan ne, irin su FZ300, aka toshe su daga ƙura da yayyafi. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, wadda ake caji da igiyar USB daga fawa-banki ko sola ta fi sauƙi. Nikon B500 ta 2016 ma batir huɗu na AA take ci, irin wanda ake samu a kowane kanti.

Dogon zuƙo yana iya leƙa cikin gidan mutane ta saman katanga, abin da al'ada da addini suka hana, kuma ɗaukar hoton barikin soja ko shingen jami'an tsaro yana iya jawo a ƙwace kyamara.

Sayen ta hannu

Da yake kamfanoni sun rage ƙera waɗannan kyamarori, kuma canjin dala ya ɗaga farashin sababbi, da yawa daga cikin waɗanda ake samu a kasuwannin Kano da Computer Village ta Ikeja na hannu ne. Mai saye yakan zuƙo har ƙarshe ya dawo sau da dama don jin ko injin yana sarƙewa, ya haska tocila a cikin gilashi don neman ƙura ko fumfuna, sannan ya ɗauki hoton farin bango ko sararin sama a cikakken zuƙo, inda duk wani ɗigo da ke kan sensa zai bayyana. Ana kuma tabbatar da cewa batirinta da cajarta suna samuwa a kasuwa, domin na wasu tsofaffin samfura an daina yin su.