Kalandar Shafinku Ta Ƙi Buɗewa? Ku Gano Cutar Kafin Ku Sayi Magani

A yau makarantu da masallatai da ƙungiyoyi da masu ɗakunan biki da dama sun mallaki shafin intanet, kuma galibi akan sa masa kalanda domin jama'a su san ranar komawa makaranta, ko lokacin tafsiri, ko ranar taron shekara. Sai a wayi gari wata rana a danna kalandar a ga allo fari fat, ko wani gajeren saƙo da Turanci cewa shafin ya gamu da babbar matsala. Nan take hankali ya tashi. Wani ya ce kutse aka yi, wani ya ce a biya kuɗi a ƙara wa shafin wuri. Sau da yawa kuwa cutar tana cikin gida, kuma ana iya gano ta ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Da yawa daga cikin waɗannan shafuka da manhajar WordPress aka gina su. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fito da ita a shekarar 2003, yau kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. WordPress ba ta zuwa da kalandar taruka, sai an ɗora mata wata ƙaramar manhaja da ake kira filogin, irin su The Events Calendar. Haka ake ɗora wani filogin na tsaro, wani na saurin buɗewa, wani na karɓar kuɗi, har su taru da yawa a kan sabar guda, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin.

A nan ne ake yawan ruɗewa. Sabar tana da wurin ajiya, tana kuma da memori, kuma ba abu ɗaya ba ne. Wurin ajiya kamar rumbu yake, memori kuwa kamar faifan da ake ɗebo hatsin a kai a gyara. Duk girman rumbu, in aka labta wa faifai abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya zube. Harshen PHP, wanda da shi aka rubuta WordPress, yakan ware megabait 128 ga kowane aiki idan ba a canja ba. Da zarar aikin ya nemi wuce haka, sai PHP ya tsayar da shi. Shi ya sa za ka ga saƙon da ke cewa "Allowed memory size exhausted" tare da lamba 134217728. Lambar nan ba abin tsoro ba ce, megabait 128 ɗin ne aka rubuta da bait. In ka ga 268435456, to 256 ke nan.

Me ya sa kalanda take yawan faɗawa cikin wannan? Saboda taron da ke maimaituwa. A ce wani ya shigar da lokutan salloli biyar na kowace rana: a shekara guda an sami 1,825 ke nan, a shekara goma kuwa 18,250. Idan bai sa ranar ƙarewa ba, kuma ba a share abin da ya wuce, kalandar za ta yi ta kumbura har ranar da buɗe wata guda zai gagari sabar.

Cuta ta biyu ita ce rikicin filogin. Kowannensu mutane dabam ne suka rubuta shi, ba su kuma yi shawara da juna ba. Wani lokaci biyu sukan yi takara kan aiki guda, ko a sabunta ɗaya a bar ɗaya, ko kamfanin da ke ajiye shafin ya koma sabon PHP alhali tsohon filogin bai san shi ba. Alamar wannan ba lallai farin allo ba: ka danna wata mai zuwa kalanda ta ƙi motsi, ko ta yi ta nuna taron makon jiya saboda filogin saurin buɗewa ya riƙe tsohon kwafi.

Kafin a taɓa komai, a kwafi shafin gaba ɗaya da rumbun bayanansa a ajiye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan a duba imel ɗin mai kula da shafin. Tun daga WordPress 5.2 da ta fito a 2019, idan shafi ya faɗi manhajar takan aiko saƙo mai ɗauke da sunan filogin da ake zargi, da kuma hanyar shiga ta musamman don gyara. Wanda ya ɗan iya aikin zai iya kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG a cikin fayil ɗin wp-config.php, sai kurakuran su taru a debug.log. Amma a kula: idan maganar memori ce, sunan da ya bayyana ba lallai shi ne mai laifi ba. Wanda aka kama da kwano a hannu ba dole shi ya cinye tuwon ba, mai yiwuwa shi ne kawai ya zo a ƙarshe.

Gwajin da ya fi tabbas shi ne a kashe duk filogin ban da na kalanda, a kuma mayar da shafin kan ɗaya daga cikin rigunan WordPress na asali (wato tsarin kamannin shafi), kamar Twenty Twenty-Four. In kalanda ta buɗe, sai a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, ana dubawa. Wanda aka kunna matsalar ta dawo, shi ne. Idan ma shiga ta gagara, ana iya bi ta cPanel, wato wurin sarrafa fayilolin shafin a kan sabar, a canja sunan jakar plugins da ke cikin wp-content, wannan zai kashe su duka ba tare da an goge komai ba. In an gama, a kashe WP_DEBUG.

Ƙara memori zuwa megabait 256 ba laifi ba ne, wani shafin da gaske yana bukata, kodayake kamfanin ajiya kan sa iyakar da ba a wucewa. Sai dai idan aka ƙara kuma ya sake cika bayan 'yan makonni, to tulun ne ya huje, yawan ɗebo ruwa ba zai cika shi ba.

Gargaɗi biyu suka rage. Na farko, a guji filogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a ɓoye. Ba ya samun sabuntawa, kuma sau da yawa akan cusa masa ƙofar da ɓarayi za su shigo. Araha ba ta ado. Na biyu, shugaban makaranta ko ƙungiya ya tambayi kansa yau: imel ɗin wa aka sa a matsayin mai kula da shafin, kuma wa ke riƙe da kalmar sirri? A wurare da yawa na yaron da ya gina shafin ne, wanda ya daɗe da barin gari. Ranar da kalanda ta faɗi, shi WordPress za ta rubuta wa, ku kuma kuna zaune kuna kallon farin allo.