Sabon Gari da Awon Igiya: Titi Kafin Gida, ko Gida Kafin Titi?

Kano tana faɗaɗa ta kowace kusurwa, amma ba ko'ina hanya take bin gini ba. Mai son ganin bambancin ya kwatanta Sabon Gari da unguwannin awon igiya da suka tsiro a bayan gari, irin su sassan Rimin Kebe, Bachirawa da Ɗorayi.

An yanka Sabon Gari wajen 1913, jim kaɗan bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka ba don Allah suka yi ba, so suke su ware baƙi daga mutanen cikin birni. Duk da haka sun shata titi kafin a aza tubali. Layuka a miƙe suke, kowanne yana ratsa ɗan'uwansa. Idan France Road ta cushe, mai Adaidaita Sahu sai ya karya kwana ya bi layin gaba, ya ɓulla inda ya nufa. Unguwar tana da nata ciwon, ga cunkoson jama'a, ga kwatoci a toshe, ga kwalta ta farfashe, amma duk masu gyaruwa ne tunda filin titin yana nan.

Awon igiya kuwa daga gona yake farawa. Mai gona ko magadansa su kira dillali, a ja igiya, a yanka fuloti. Duk takun da aka bar wa hanya kuɗi ne aka rasa, don haka sai a matse ta. In an tashi yanka gonar maƙwabci, ba wanda zai duba inda layin farko ya dosa. Sai ka bi layi tiryan-tiryan ka yi karo da katangar wani. Mai kurar ruwa zai kutsa, motar kashe gobara kuwa a bakin unguwa za ta tsaya. Gidaje bila adadin su dogara da mafita guda, kowa ya kwararo babban titi, shi ya sa Titin Katsina yake tsayawa cak a Kurna safe da yamma. Gadar sama tana rage cunkoson mahaɗa, amma ba ta buɗe lungu.

Ba na ganin laifin talaka. Filin gwamnati mai takarda ya fi ƙarfin aljihunsa, awon igiya ne ya fitar da shi daga haya. Gari ne ya wuce tsarinsa: tsarin raya Kano da ake kira na Trevallion don shekarun 1963 zuwa 1983 aka yi shi, gari kuwa tuni ya haɗiye ƙauyukan Ungogo da Kumbotso.

A ganina, Sabon Gari ta fi, kuma da abu ɗaya ta fi: titunanta suna haɗuwa. Hukumar tsara birane ta KNUPDA da dagatai da masu unguwanni su shata manyan hanyoyi a gonakin da ba a yanka ba tukuna, ta wajen Gezawa, Madobi da Dawakin Kudu. In aka bari aka yi gini, sai rusau da biyan diyya.