Mayaƙi da Ɗacin Shan Kaye a Littafin Ganɗoki

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba yadda Malam Muhammadu Bello Kagara ya sarrafa jigon yaƙi a cikin Ganɗoki, ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar da aka buga bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Manazarta sun saba ajiye littafin a rukunin jarunta su wuce. Mu a ganinmu, abin da ya fi jarunta nauyi a cikinsa shi ne tambayar da ke damun duk mayaƙin da aka ci ƙasarsa: da wane baki zai ba 'yan baya labari?

Kashin farko na littafin ya jingina da tarihi. Ganɗoki baraden Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ne, kuma da bakinsa muke jin hare-haren Kwantagora, da zuwan Turawa da suka ci garin a 1901, har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta ƙare a Burmi a 1903. Marubucin, wanda aka haifa a 1890, yana yaro a ƙasar Kwantagora sa'ad da wannan ya faru, saboda haka ba jita-jita yake tattarawa ba. Ɗalibanmu na Jega da Aliero da Maiyama su lura cewa fagen ba shi da nisa da su, domin Kwantagora maƙwabciyar Yawuri da Zuru ce.

A nan ne salon ya fi armashi. Tauraron yana cika baki, yana yi wa kansa kirari, yana lissafa mazajen da ya kayar, amma tarihi bai bar marubucin ya ba shi nasara ba. Doki da takobi da sulke ba su da ta cewa a gaban bindiga mai ruwa. Mai karatu yana jin amon kirarin, yana kuma ganin rundunar tana ja da baya, kuma wannan tazara da ke tsakanin baki da fage ita ce ainihin halin wanda aka rinjaya.

Daga nan labarin ya bar ƙasa ya shiga duniyar aljannu, inda Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suke cin yaƙi bayan yaƙi. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rauni a zubi da tsari, wai tarihi ya rikiɗe ya koma tatsuniya. Ba mu yarda ba. Nasarar da aka hana shi a Kwantagora ita aka biya shi a inda babu igwa, kuma ba mu ga wata ƙofa da ta rage wa marubuci ba in yana son jaruminsa ya tsira da mutunci.

Sai kuma dawowarsa gida, inda ya tarar da mulkin Turawa ya zauna, har ya yaba da abin da ya gani. Kada mu manta cewa jami'in gwamnatin mulkin mallaka ne alƙalin gasar, kuma don makarantunta aka buga littafin a 1934. Malam Bello kansa ya koyar a Kwalejin Katsina. Ko yabon daga zuci yake ko dole ce ta sa, shafukan da aka ba fafatawa da Turawa sun fi na yabon zafi nesa ba kusa ba.