Uwargida, Kin Taɓa Leƙa Gungunan Yauri?

Uwargida, idan hutun makaranta ya zo yara suka dame ki da "Mama ina za mu?", ba sai kin hango Abuja ko Dubai ba. Daga Gwandu ko Kalgo, ku kama hanyar Jega, ku wuce Koko, sai ga ku a Yelwan Yauri, bakin Kogin Kwara. A tsakiyar wannan ruwa akwai tsibirai, waɗanda a can ake kira gungu, mazaunansu kuma Gungawa. Su dai da harshensu Reshe suke kiran kansu.

Mutane ne na su da noman albasa, kuma yaro a can tun yana ɗan mitsitsi ya iya tuƙa kwalekwale. Amma gungunan da za ki gani yau ragowa ne. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da garuruwa da dama, aka tashi mutum sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. In kin dace da wata dattijuwa, ki sa yara su zauna su saurara. Za ta iya nuna maku inda garinsu yake a da, yanzu kuwa sai shimfiɗar ruwa. In kuma tafiyar ta zo daidai da bikin Rigata, inda ake tseren jiragen ruwa, to kallo ya ƙare.

Sai dai, 'yar'uwa, ruwa ba ya wasa. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutum sama da 150 ya nutse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, kuma kaɗan ne suka tsira. Lodin da ya wuce kima, da tsohon jirgi, da kututturan itatuwa da ruwa ya rufe, su ne ke yawan jawo irin wannan. Don haka in kin ga jirgi ya cika maƙil, ga buhuna ga babura, ki ce wa maigida a jira na baya, ko da kuwa za a ce kin cika tsoro. Gara a faɗa. Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, har yara, kowa daidai jikinsa. Kada ku shiga ruwa da dare, ko lokacin da hadari ya taso. Mai goyo kuma, ni a ganina, gara ta bari sai ta yaye.

Kada ki bar yara su yi wanka a bakin kogi, saboda tsargiya. In kin ga jini a fitsarin yaro bayan an dawo, sai asibiti. Ki tafi da ruwan shanku da gidan sauro, sannan ki tanadi 'yan kuɗin tsaraba, don busasshen kifin Yauri ba a baro shi a kasuwa.