Murfin Lagireto Ba Abin Wasa Ba Ne

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya a bazara ya saba ganin motar haya a gefen titi, bonet a ɗage, yaron mota ya naɗe hannu da tsumma yana kokawa da murfin lagireto, direba na gefe yana cewa "buɗe a hankali, zafin ya fita." Wannan ganganci ya yi yawa, kuma rashin sanin halin ruwa ne ke jawo shi.

Ruwa ba ya tafasa a zafi guda a ko'ina, matsin da ke kansa ne ke yanke hukunci. A Legas, bakin teku, sai ya kai digiri 100. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, digiri 96 ya ishe shi. In kuwa aka ƙara masa matsi, sai ya ƙi tafasa. Aikin murfin lagireto ke nan: wayar nan mai naɗi da ke ƙarƙashinsa tana danne ruwan, har ya doshi digiri 120 bai tafasa ba.

To, da zarar an murɗa murfin, matsin ya tafi. Ruwan da tuni ya haura digiri 100 sai ya soma zama tururi nan take, alhali lita ɗaya tak kan zama kimanin lita 1,700 na tururi. Ina zai shiga? Ta bakin lagireton zai yi tsartuwa, ya kwaso sauran ruwan ya watsa a fuskar wanda ya sunkuya. Tsumman da aka dogara da shi kuwa jiƙewa yake da tafasasshen ruwa, ya manne a fata.

Ga shi tururi ya fi ruwan zafi mugunta. Zafin da ruwa ke sha kafin ya rikiɗe ya zama tururi ya ninka na tafasa shi fiye da sau biyar, kuma duk a jikin mutum yake sauke shi.

Idan mota ta ɗau zafi, a kashe ta, a ba ta aƙalla rabin awa. A matsa babban tiyon sama da tsumma. In ya yi tauri, da sauran matsi, a ƙara haƙuri. Kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kansa na iya tsagewa. Murfin da robarsa ta cinye a canja shi, don shi ma yana sa ruwa tafasa da wuri.

Wanda ya ƙone a yi ta zuba masa ruwa mai sanyi na tsawon minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai, manja da man goge baki. Ƙunar fuska ko ta hannu sai asibiti.

Direbobi, ku ji tsoron Allah, ku daina tura yaran mutane buɗe abin da ku kanku kuke ja da baya a kansa.