Ƙwayoyin Cuta Masu Yin Magani

Kowa ya ji an ce ƙwayoyin cuta, sai ransa ya tafi ga zawo da tarin fuka da sauran masifu. Amma ba dukansu ne abokan gaba ba. Matar da ta ajiye madara ta wayi gari ta tarar da kindirmo, waɗansu 'yan halittu ne da ido ba ya gani suka yi mata aikin. Haka kuma mai daddawa. Masana suna kiran irin waɗannan halittu bakteriya. To, yanzu har an koya wa wata irinsu yin maganin da ke ceton masu ciwon daji, kuma ya kamata mu da za mu fita mu karantar da yara mu san yadda abin yake.

Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, yana samuwa ne in waɗansu ƙwayoyin jiki suka yi ta rabuwa suna yawaita ba tsayawa. Cikin hanyoyin yaƙi da shi akwai magunguna masu ƙarfi da ake sa wa mutum ta jijiya, ana ce da su kemo. Ana ba da su a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa nan Bauchi, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya. Sau da yawa akan yi wa mutum sau ɗaya cikin mako uku, har a cika adadin da likita ya yanka.

Aikin kemo shi ne kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa. Sai dai bai san nagari da mugu ba. Cikin ɓargon ƙashi ake yin jini, ƙwayoyin ɓargo kuwa su ma masu saurin rabuwa ne, saboda haka maganin yakan taɓa su. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun da ke tare cuta. Mafi yawansu ba su daɗewa, shi ya sa ɓargon babban mutum yake yin sababbi kamar biliyan 100 kowace rana. In ɓargo ya raunana sai dakaru su ragu, galibi tsakanin kwana 7 da kwana 14 bayan kemo. A wannan lokaci 'yar cutar da mai lafiya ba zai ko kula da ita ba tana iya kashe mutum. In kuwa jini bai farfaɗo da wuri ba, tilas likita ya ɗaga kemo na gaba, ciwon ya sami sarari.

Jiki yana da wani ɗan aike da yakan tura wa ɓargo cewa a ƙara dakaru. Wani irin furotin ne, masana suna kiransa G-CSF. Wani likita Bajamushe, Karl Welte, shi da abokan aikinsa a birnin New York suka tace irin na ɗan Adam a 1985. Amma abin da jiki ke yi ɗan kaɗan ne ƙwarai, ba ya isa a tara a yi allura da shi. Nan ne bakteriya ta shigo.

Wadda aka zaɓa sunanta E. coli, mazauninta hanjin mutum da na dabba. Theodor Escherich ne ya gano ta a 1885. In ta sami abinci da ɗumi, cikin minti 20 ɗaya takan zama biyu. Kowane furotin yana da umarnin yadda ake ƙera shi a rubuce cikin ƙwayar halitta. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer a Amurka suka nuna ana iya yanko irin wannan umarni a dasa shi cikin bakteriya, ta karanta, ta bi. Da wannan dabara aka fara sayar da insulin na masu ciwon sukari a 1982. A 1986 kuma aka samo umarnin G-CSF, a kamfanin Amgen na Amurka da kuma a Japan.

Ga yadda ake aikin. Akan zuba bakteriyar da aka dasa wa umarnin cikin manyan tankunan ƙarfe masu tsabta, a ba ta sukari da gishiri da iska. In ta yawaita sai a sa ta fara ƙera furotin. Takan tara shi a cikinta a dunƙule, kamar zaren da ya harɗe, ba ya aiki a haka. Sai a farfasa ta, a narkar da dunƙulen, a bar furotin ya naɗe irin naɗinsa na asali, sa'an nan a yi ta tacewa har ba sauran komai na bakteriya. Abin da ya fito shi ne maganin da ake kira filgrastim, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 1991.

Amma da sauran magana. Ƙoda kamar rariya take, tana tace jini, ƙananan abubuwa su wuce su fita da fitsari. Filgrastim ƙarami ne, cikin kamar sa'a uku da rabi rabinsa ya bar jini. Don haka dole a yi allurarsa kullum, wani lokaci har kwana goma ko fiye. Wanda ke zaune a GRA cikin garin Bauchi yana iya zuwa asibiti kowace safiya ya komo gida. To, ina ga matar da ta zo daga wani ƙauye na Ningi ko Alkaleri? Ga kuɗin mota, ga rashin ƙarfi, ga gona da yara.

Maganin wannan ya fito daga aikin Frank Davis da Abraham Abuchowski na Jami'ar Rutgers a Amurka, waɗanda suka nuna a 1977 cewa in aka ɗaura wa furotin wani dogon sinadari mai suna PEG, yakan daɗe cikin jini. Sai aka ɗaura wa filgrastim wannan jela, wadda nauyinta ya yi kusan daidai da nasa. Jelar tana jawo ruwa ta kumbura, ya zama ramukan rariyar ƙoda sun yi masa kaɗan. Sabon maganin, watau pegfilgrastim, ya fito a 2002. Allura ɗaya mai miligiram 6 ta ishi babban mutum har kemo na gaba, akan yi ta bayan kwana ɗaya da kemo. Wani abin sha'awa kuma, fararen ƙwayoyin da ya sa aka yi, su ne ke kawar da shi daga jini. Muddin dakaru ba su cika ba yana nan yana aiki, da sun cika sai ya ƙare.

Babban abin da ke hana talaka samunsa tsada ce. Amma da wa'adin mallakar kamfanin farko ya ƙare, waɗansu kamfanoni sun shiga yin irinsa, har da na Indiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa filgrastim cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada a 2015.

Akwai abu huɗu da ya kamata kowane malami ya riƙe, domin a ƙauye sau da yawa shi ake tambaya. Na farko, wannan allura ba ita ke kashe ciwon daji ba, tana tsare mutum ne don ya iya gama kemo, kuma ba kowane mai shan kemo ke bukatarta ba, likita ne zai faɗa. Na biyu, cikin firiji ake ajiye ta, zafi yana lalata ta, kada a saya a hannun wanda ba a san inda ya ajiye ba. Na uku, takan sa ciwon ƙashi na 'yan kwanaki, amma ga mai sikila tana iya ta da ciwon ƙwarai, lalle a gaya wa likita tun da fari. Na huɗu, wanda ya fi duka, in wanda aka yi wa kemo ya yi zazzaɓi, zafin jikinsa ya kai 38, ko an yi masa allurar ko ba a yi ba, kada a tsaya a ce cizon sauro ne a jira gari ya waye. A kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.