Masu kamun hoton taurari daga bayan gida

Da dama daga cikinmu mun san Zara, mun san Gamzaki da Kaza da ƴaƴanta. To amma jama'a, akwai wani ɗan tabo fari-fari kamar hayaƙi da ke fitowa ta wajen arewa da dare, daga watan Oktoba zuwa Disamba. Masana na ce masa Andromeda. Garke ne guda na taurari, dubban miliyoyi, kuma hasken da ke shigowa idonmu ya baro can tun shekara miliyon 2 da rabi. Wani malamin taurari na ƙasar Farisa, Abdurrahman Al-Sufi, ya ambace shi cikin littafinsa tun wajen shekara ta 964, ya kira shi ƙaramin girgije.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, mutanen da suka shahara wajen ɗaukar hotonsa, da yawansu masu sana'a ne kamar ku. A 1888, Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine a Ingila, ya kafa madubin hangen nesa a gidansa kusa da Liverpool, ya bar na'urar hoto buɗe har awa 4. Hoton da ya fito ya nuna garken a naɗe kamar gammo. A watan Mayu na 2023 kuma, Koichi Itagaki na ƙasar Japan, wanda ya daɗe yana jagorancin kamfanin sarrafa gyaɗa, shi ya fara hango wani tauraro da ya fashe cikin garken M101, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyon 21. Mai gyaɗa ya riga manyan jami'o'i!

Yaya ake yi? Iyayenmu mata na kasuwa za su fi kowa ganewa, don kuwa adashi ne. Hasken ya yi rauni ƙwarai, hoto guda ba ya nuna komi sai baƙi da ɗige-ɗige. Sai a ɗauki hoto na daƙiƙa 10, a sake, a sake, har ɗaruruwa. Kowane hoto zubi ne. Daga baya kwamfuta ta tara su wuri guda, a kwashi adashi: hannuwan garken su bayyana, har da launinsu. Wahalar ita ce duniya ba ta tsayawa, tana juyawa, dole a ɗora madubin bisa ƙafa mai inji da ke bin tauraro sannu-sannu, in ba haka ba hoton ya jirkice.

Kayan ma sun yi sauƙi. A 2023 wani kamfanin Sin ya fitar da ƙaramar na'ura mai suna Seestar S50, ana sarrafa ta da salula, kuɗinta a lokacin wajen dalar Amurka 500 ne, kusan jikka 300 ke nan na sefa a wancan lokaci, ban da kuɗin duwan. Ba arha ba ce ga talaka, mun yarda.

Abin da kuɗi ba su saye shi ne duhu. Wani bincike na 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba su iya ganin farar hanyar nan ta taurari da ke ratsa sama, saboda fitilun birane. Maƙwabciyarmu Cadi na cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. Mu ma a karkara haka ne. Mai son ganin Andromeda da idonsa sai ya fita bayan gari, nesa da fitilun Maraɗi ko Damagaram, a daren da babu farin wata, bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya rufe sama.